Ramuka Biyu a Jidda da Filina na Kano

A watan jiya aka tura mu wani fili a kudancin Jidda, kusa da bakin teku, domin gwada ƙasar da za a kafa dogon bene a kanta. Aikina shi ne ƙirga bugu: ana sakin guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, ni kuma ina rubuta sau nawa ta sauka kafin bututun ƙarfen da take bugawa ya nutse santimita 30 cikin ƙasa. A rami na farko guduma ta yi ta dukan dutsen murjani har bugu ya haura arba'in. A na biyu kuwa, wanda bai fi taku hamsin daga na farko ba, da bugu bakwai bututun ya shige, ya fito da wata laka mai ruwan toka, jiƙe da ruwan gishiri, wadda Larabawa ke kira sabkha. Dattijon da ke riƙe da injin haƙar, Bahaushe haifaffen Makka, ya murza ta a yatsunsa ya ce, "Ɗana, wannan ai kunu ne ya yi ɓawo a sama."

Na ɗauka babban injiniyanmu zai haɗa lambobin biyu ya raba, ya miƙa wa mai ginin, amma ya ƙi. Ya sa aka ƙara ramuka uku, sannan da ya zo lissafin yadda filin zai kaɗa idan an yi girgizar ƙasa, ya riƙa sauya kaurin lakar da saurin da girgiza ke ratsa ta, yana maimaita lissafin a kwamfuta, har ya fitar da amsa mai iyakar ƙasa da ta sama, ya ce a tsara tushen ginin bisa mafi munin su. Dalilinsa a fili yake. Girgiza tana gudu cikin dutse fiye da mita 760 a sakan, a ƙasa mai taushi kuma ba ta kai 180 ba, kuma idan ta fito daga dutse ta faɗa laka, gudunta yakan ragu amma kaɗawarta ta ƙaru. Haka ta faru a birnin Meziko a 1985, inda cibiyar girgizar take nesa da fiye da kilomita 300, amma unguwannin da aka gina a kan busasshen tafki ne suka fi rushewa. Ramin da muke haƙawa bai fi faɗin tafin hannu ba, saboda haka duk abin da ke tsakanin rami da rami kintace ne, kuma injiniyan bai ji kunyar rubuta hakan a rahotonsa ba.

Saudiyya ta ga abin da ya sa take wannan taka-tsantsan. Girgizar mashigin tekun Akaba ta 1995 ta haura maki 7 a ma'aunin girgizar ƙasa, a 2009 kuma sai da aka kwashe dubban mutane daga garin Al-Ais, arewa maso yammacin Madina, bayan ƙasa ta yi ta motsi. Mu kuwa a Najeriya Allah ya ajiye mu nesa da inda farantan ƙasa, wato manyan sassan ɓawon duniya, ke gogayya, kuma ba na yarda idan abokan aiki suka ce jahilci ne ya hana mu irin wannan gwaji, domin mutum da kuɗinsa yake auna tsoronsa, ga shi kuma muna da cibiyar nazarin motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauci. Sai dai ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta sake motsawa a Mpape ta Abuja a 2018, kuma ko babu girgiza, laka ba ta buƙatar a kaɗa ta kafin ta zame daga ƙarƙashin gini. Duk wanda ya tashi a Kano ya san kududdufan da muka yi wasa a bakinsu, ya kuma san cewa yau benaye ne a kansu, bayan an cike su da shara da ɓaraguzai.

Ɗaya daga cikinsu ne filin da na kwashe shekara shida ina tara riyal na saya. A daren da muka gama aikin na kira yayana, wanda ke tsaya mini a kan ginin, na roƙe shi a dakata da zuba kankare har a samu masu gwada ƙasa. Ya ce magini ya haƙa har ƙugu ya ga jar ƙasa, kuma maƙwabcinmu ya ɗora hawa uku bai ga komai ba. Na ce, "Yaya, jar ƙasar nan tifa ce ta kawo ta, ni da kai mun kama tarwaɗa a wurin." Ya yi dariya ya ce zaman Jidda ya sa na fara tsoron ƙasar da aka binne cibiyata. Washegari na tura kuɗin ramuka uku, na ce ɗaya a haƙa shi ta kusurwar gabas, inda ruwan ya fi zurfi a lokacin da muke yara.