Lasisi kaɗai ba ya koya wa mutum riƙe bindiga

Wani marubuci ya ce duk mai lasisi ya cancanci ajiye bindiga a gida don kare iyalinsa, to ni dai ban gamsu ba gaskiya, lasisi takarda ce kawai. Mutum nawa ne suka san cewa ko ka zare magazin, wato gidan harsashi, harsashi ɗaya na iya maƙalewa a cikin bindigar, yaro ya ɗauka yana wasa ya taɓa kunama shi ke nan an shiga uku? Shi ya sa masu horarwa ke nanata cewa ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kar ka saita bakinta kan abin da ba ka da niyyar harbi, a kulle ta daban, harsashi daban. Kuma kai ɗan'uwa mai cewa wai horo ɓata lokaci ne, don Allah in harsashi ya fasa babbar jijiyar jini a cinya cikin 'yan mintuna jini ke ƙarar da mutum tun motar asibiti ba ta iso ba, ka iya danne raunin da ƙarfi ka ɗaure saman wurin tamau?