Aikin lauyan gado a New York ba ƙarami ba ne

An ce akwai wani lauya da ya daɗe yana rubuta wa baƙin haure wasiyya kyauta, Allah Ya saka masa da alheri. Mutanenmu na Bronx, a birnin New York, su buɗe kunne. A jihar New York, idan magidanci ya rasu bai bar wasiyya ba, matarsa ke ɗaukar dala 50,000 na farko da rabin sauran, 'ya'ya su raba ragowar daidai wa daida, mace da namiji. Iyayensa kuwa ko sisi, alhali shari'ar Musulunci ta ba kowannensu sudusi. Ko da wasiyyar ma, matar na iya neman sulusi a kotu maimakon tumuni, shi ya sa zama da lauya ya fi cike fom a intanet. Shaidu 2 kawai ake buƙata wajen sa hannu a wasiyya, amma mu sai "gobe".