Wa ya gaya muku asibiti kyauta ne a ƙasar waje?

Tun jiya hoton yaron nan na Rigasa yake yawo a waya, yana kwance a asibiti a Ingila da robar numfashi a hanci, an manna lambar asusu a ƙasan hoton. Allah Ya tashi kafaɗunsa, mai hali ya taimaka. Amma abin da ya ƙona min rai maganar yayansa ce, wai ejan da ya nema masa biza ya tabbatar musu asibiti kyauta ne a can. Kyauta ga wa? Da bizar ziyara fa ya shiga! An sayar da fili, an biya eja, an yanki tikiti, har walima an yi, amma kaf gidan ba a samu mutum ɗaya da ya tambaya ba: in ya kwanta ciwo, wa zai biya?

Jama'a, irin bizarka ce take yanke ko za a duba ka a kan inshora ko a kan aljihunka. A Ingila, mai bizar da ta wuce wata shida yana biyan kuɗin lafiya tun wajen neman bizar, na dukan shekarun a dunƙule. Daga Fabrairun 2024 fam 1,035 ne a shekara ga babba, fam 776 ga ɗalibi da yaro. Ɗalibin digiri na biyu na shekara ɗaya, lissafin shekara ɗaya da rabi ake yi masa saboda watannin da ake ƙarawa a bizar, wato fam 1,164. Magidanci da matarsa da yara biyu a bizar aiki ta shekara uku, fam 10,866. Wannan shi ne abin da eja yake kira kyauta. Masu bizar aikin jinya da kula da tsofaffi ne aka ɗauke wa.

Mai bizar ziyara bai biya wannan ba, don haka ba ya ciki. Za a duba shi a ɗakin gaggawa ba ko sisi, haka wajen likitan unguwa. Amma da zarar an ba shi gado, lissafi ya fara, kuma ninki ɗaya da rabi na farashin NHS, wato hukumar lafiyar gwamnati, ake rubuta masa. Ba za su bar shi ya mutu a ƙofa ba, za su yi aikin, takardar bashi ta biyo baya. Bashin da ya kai fam 500 ya kuma haura wata biyu ba a biya ba, ana kai sunan mai shi ma'aikatar cikin gida, kuma ana iya hana shi biza a kan haka.

Na san wani zai ce ai Allah ne mai tsarewa. Haka ne, kuma wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a ɗaure raƙumi. Wani kuma zai ce yaro ne, ƙalau yake. Ciwon afendis ba ya duba shekaru, kuma wanda ya bar Kaduna da zazzaɓin cizon sauro a jini, sai ya sauka da kwanaki ciwon yake tashi. Mu bar wannan musu. Wa zai biya?

Saudiyya, inda mutanenmu suke da yawa, nan ne abin ya fi ban tausayi. Ma'aikacin kamfani, inshorarsa a wuyan kafili take, kuma ba a fitar da igama, wato katin zama, ko a sabunta ta sai da inshorar. To amma kowane kati da jerin asibitocinsa. Kamfani ya saya maka mafi araha, ka je asibitin da ba ya cikin jerin, ka biya da kanka. Da lambar igamarka za ka duba a shafin hukumar inshorar lafiya ta ƙasar, ka ga kamfanin da ranar ƙarewa. Yi haka a satin da ka karɓi igama, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma ya shiga da bizar Umara ya maƙale, inshorar da ke cikin bizar tare suke ƙarewa. Shi ya sa takari yake jinya a ɗaki da fanadol, yana tsoron asibiti fiye da ciwon.

Kuma a daina gaya wa yara za su dawo da fansho daga Saudiyya. Baƙo ba shi da fansho a GOSI, hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta ƙasar. Abin da yake da shi inshorar haɗarin wajen aiki ce, kashi 2 cikin 100 da kamfani ke biya, kuma in ka ji rauni ka sanar da kamfani cikin kwana bakwai, a rubuce. Sai kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. In kai ka ajiye aikin kafin shekara biyu, ba ka da komai. Tsakanin biyu da biyar, kashi ɗaya cikin uku. Masu aikin gida dokarsu daban ce.

A Jamus jami'a ba ta yi maka rajista sai da shaidar inshora. Rangwamen ɗalibai yana tsayawa in ɗalibi ya kai shekara 30, ga shi da yawa cikin masu tafiya digiri na biyu daga nan sun haura. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina biya in aljihu ya yi zafi. Inshorar ba ta mutuwa, bashi ne yake taruwa wata bayan wata, a rage maka hidima zuwa ta gaggawa da abin da ba ya jira. Wanda ya dawo gida bai soke rajistar zamansa ba, bai sanar da kamfanin inshora ba, lissafin yana can yana hawa. Fansho kuwa kashi 18.6 ne na albashi, rabi kai rabi kamfani. Ɗan Najeriya da ya dawo gida zai iya neman a mayar masa da rabin da aka yanka a albashinsa bayan wata 24, amma sai da lambar fansho da takardun albashi. Mutane nawa ne suka bar su a ɗakin haya? A Ingila ba a mayar da abin da aka yanka. Sai ka tara shekara 10 ana yanka kafin ka samu wani abu na fanshon gwamnati, kuma in a Najeriya kake karɓa, a adadin da ka fara yake tsayawa, babu ƙarin shekara-shekara.

Iyaye, don Allah, kafin a miƙa wa eja kuɗi a zaunar da shi ya faɗi sunan bizar, da wanda zai biya inshora, da ranar da za ta fara, da ranar da za ta ƙare, ya kuma rubuta ya sa hannu. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

Ku kuma da kuke can kuna turo kuɗin magani duk wata, Baba da Inna fa? Tun 2018 aka kafa KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 kuma ta wajabta wa kowa shiga. Ku sa ƙaninku ya kai su a yi musu rajista, a zaɓi asibitin da ke kusa da gida, ya ɗauki hoton katin ya turo muku, ku rubuta ranar sabuntawa, don tsoho ba zai tuna ba.