Yunwar Maƙwabcinka Ba Haja Ba Ce

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman mu da muke neman abinci a kasuwa.

Jiya bayan la'asar a kasuwar Dole ta Damagaram, wata tsohuwa ta tsaya gaban mai hatsin da ke kusa da rumfata. Ta kwance bakin zanenta, ta zazzage ƴan kuɗi a tafin hannu, ta ƙirga har sau biyu. Ba su kai kuɗin tiya ba. Dattijon ya auna mata tiya cike har da tozo, ya ƙara danƙi biyu, ya ce, "Inna, ga gyara." Kuɗin ma bai duba ba, ya jefa su cikin gwangwani. Tana ta sa masa albarka, ni kuwa kunya ta rufe ni, don da safen nan na hana wani yaro bashin sabulu sanda ɗaya.

Mun gaji kasuwa ce wadda bakinta cike yake da addu'a. In tayi bai yi maka ba, "albarka" kake cewa. In ka sallama, a ƙara gyara, a rabu da fatan alheri. Kuma kakanninmu ba su ƙi riba ba. Zamanin Sarki Tanimun, ayarin raƙuma kan tashi daga Damagaram ya bi ta Agadas har Tarabulus. Amma baƙon da ya sauka a Zango yana da fatoma mai ba shi masauki, ya tsaya masa, ya riƙe masa amana. Yaron da ya yi wa ubangidansa hidima shekaru, ranar sallama jari ake ba shi ya tsaya da ƙafarsa.

Yau fa? Da kaka mu bi ƙauyukan Mirriya da Matamaye mu kwashe hatsi da arha, don manomi na da bashi a wuya. Ajiya ba laifi ba ce. Annabi Yusuf (AS) ya tara abinci shekara bakwai domin ya ceci jama'a. Laifin yana ga wanda ya garƙame sito cikin damina, yana ganin yara na kwana da yunwa, yana jiran buhu ya ƙara jika biyu. Muslim ya ruwaito cewa babu mai ɓoye abinci sai mai saɓo. Mafi muni, wanda zai ba manomi buhu ɗaya lokacin shuka ya ce da kaka biyu zai karɓa. Wannan bashi da ruwa ne, ko da wane suna aka kira shi. Mun ga yunwar 2005, mun ga yadda farashi ya haukace da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, kuma kowa ya san gidajen da aka daina ɗora tukunya a unguwarsu. Tiyar da aka bubbuga gindinta don ta rage ci kuwa, Suratul Muɗaffifina ta gama magana a kanta tun ayar farko.

Akwai hadisin da nake so ƙwarai, Buhari da Muslim duka sun kawo shi. Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'arawa, wata ƙabila daga Yaman, saboda idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci, sai kowa ya kawo abin da ya rage masa, su tara a mayafi ɗaya, su raba daidai da mazubi ɗaya. Ya ce su nasa ne, shi nasu ne. Ashe ba gayyarmu ke nan ba, da ake haɗuwa a nome gonar wanda ciwo ya kwantar? Ba adashen iyayenmu mata ke nan ba? A 1991 ƙungiyar CARE ta kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a kan wannan tushe na adashe, yanzu ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Matan ƙauye da ƴar akwati da zubin mako suka koya wa duniya, mu masu shaguna mun kasa haɗa asusu ɗaya don ɗan layinmu da gobara ta cinye wa kaya.

Alhaji, ba a ce ka yi asara ba. Ka fitar da zakka tun daga gona: ɗaya bisa goma a noman damina, rabin haka a na ban ruwa. Ka buɗe sito tun mutane na da ƙarfin saye. Wanda kake bi bashi in yana cikin ƙunci, Allah ya ce a Baƙara aya ta 280 a jinkirta masa zuwa sauƙi, kuma yafewa ta fi alheri.

Daren jiya na buɗe littafin bashina. Akwai sunaye uku da na san ba ƙin biya suka yi ba, babu ce. Na soke biyu. Na ukun kuɗin da yawa, har yanzu zuciyata na ja da ni, ku taya ni da addu'a. Yaron sabulun kuma na aika a nemo min shi.