Sikila, sauro da Littafin Farawa

Muna SS3 a Jos, ranar da aka zo babin juyin halitta (yadda halittu ke canzawa a hankali cikin dogon zamani) malamin bayoloji ya kife littafi ya ce ku haddace ku zuba wa WAEC, amma kar wanda ya sa shi a zuciya. Dattijo ne a cocinsu. Haka kuwa muka yi, Darwin mai wannan koyarwar a aljihun hagu, Littafin Farawa na Baibul a na dama, ko gaisawa ba sa yi.

Toh yanzu ina jami'a a Ingila ina karanta ƙwayoyin gado, nan dabarar aljihu ba ta aiki don kowane kwas a kan juyin halitta yake tsaye. Kuma ba maganar biri ce ta kama ni ba (dama ba wanda ya ce biri ne ya haife mu, cewa aka yi kaka ɗaya muka haɗa can da nisa), sikila ce. A gida fasto ba zai ɗaura aure ba sai an ajiye masa takardar jinotayip a tebur, amma ban taɓa jin an tambaya me ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne alhali Bature da kyar ka samu ba. Amsar sauro ne, yaro mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ya girma ya haihu ya ba 'ya'yansa, shekaru dubbai ana haka har S ɗin ya cika ƙasa. Zaɓin yanayi kenan da Darwin ya rubuta a 1859. Klorokwin da muka sha muna ƙaiƙayi, shi ma haka ƙwayar cutar ta canza ta bar shi a baya. Wato muna aiki da abin ran Asabar a wajen aure, ran Lahadi mu tsine masa.

Nan kuwa Darwin a cikin coci ma aka binne shi, Westminster Abbey, 1882. Na kai wa faston cocin da nake zuwa damuwata, ya miƙo min shayi ya ce in sake karanta Farawa sura 1 a hankali, sai a kwana na 4 aka yi rana da wata, to kwana ukun farko da wane agogo aka auna su? Ya ce Agustin, babban malamin coci, ɗan Afirka ne ma daga inda Aljeriya take yau, tun wajen shekara 400 ya lura da wannan.

Amma kar in yabi Turawan nan da yawa. Wani sanyin nasu ba fahimta ba ce, sun daina damuwa ne kawai, benci duk wayam sai tsofaffi da mu baƙaƙe. Mu kuma coci maƙil har waje amma yaro ya ɗaga hannu da tambaya sai a ce a yi masa addu'a, kuma a ganina wannan ne ke korar yaranmu in sun shiga jami'a, ba Darwin ba. Ni dai na gaskata Allah ne ya yi, lab na nuna min yadda aka bi. Inda nake kokawa har yanzu Littafin Romawa sura 5 ne, zunubin Adamu da shigowar mutuwa, kuma gara in yi kokawar a cikin coci.

Jiya Mama ta kira, ɗana kar boko ya raba ka da Yesu fa. Na fara mata bayanin sauro da AS, ta ce in bari sai na zo Kirsimeti, katinta zai ƙare.