Tumbin shekara hamsin da masu cin kasuwa a kansa

Mace ta doshi hamsin, sai ta ga siket ɗin da tela ya ɗinka mata bara ya ƙi rufuwa a ƙugu. Ta hau sikeli, babu wani ƙari na a-zo-a-gani. Ba ta ƙara loma ba, ba ta sauya cima ba, amma cinyoyi da mazaunai sun ɗan zube, ciki kuwa ya turo gaba. Wasu sukan zargi kansu da sakaci, wasu su ɗora wa haihuwa laifi. Gaskiyar magana ita ce, jiki ne ya sauya ma'ajiyar kitse.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu kan ɗauke ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma likitoci ba sa cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. A wannan tsakanin sinadarin istirojin, wanda jakar ƙwan mace ke samarwa, yake ja baya, shi ne kuwa tun balaga yake tura kitsen mace zuwa ƙugu da cinya. Da ya yi ƙasa, sai kitsen ya koma taruwa a ciki, irin na maza. Wani dogon bincike da ake kira SWAN, wanda ya bi mata fiye da 3,000 a Amurka tun tsakiyar shekarun 1990, ya gano cewa kimanin shekara biyu kafin al'ada ta ƙarshe saurin taruwar kitse kan ninka, tsokar jiki kuma ta fara raguwa. Shi ya sa sikeli yake yaudara, domin abin da aka samu ta nan an rasa ta can.

Kitsen ciki iri biyu ne, kuma duk macen da ta taɓa gyaran ragon layya ta san su. Akwai wanda ke kwance ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ake tararwa bayan an farke ciki, ya lulluɓe hanji ya rungume ƙoda. A jikin mutum, na farkon shi ne wanda za ki iya damƙa da hannu. Na biyun yana can bayan tsokar ciki, kuma shi ne ke da alaƙa ta kusa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Shi ne kuma wanda ɗaukewar al'ada take ƙarawa sosai.

A nan nake da ja da masu tallar gyaran sura da suka cika Instagram da TikTok, daga na Legas da Abuja har zuwa masu haɗa tikitin jirgi da otal a Turkiyya. Tiyatar zuƙe kitse bututu ake sakawa ƙarƙashin fata a tsotso abin da ke wurin. Bututun ba ya shiga cikin ciki, in kuwa ya shiga to an yi ɓarna, an huda hanji. Na'urar daskarar da kitse ma iyakarta abin da ta iya tsunkulowa daga waje. Wato kitsen da ya fi barazana ga ran mace mai shekara hamsin yana nan daram bayan ta biya miliyoyi.

Ba ra'ayina ba ne kawai. A 2004 likitocin Jami'ar Washington da ke St. Louis sun wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar New England Journal of Medicine. Mata 15 masu ƙiba aka zuƙe wa kitse, kusan kilo 10 kowacce. Bayan 'yan makonni aka auna su: hawan jini bai sauka ba, kitsen jini bai gyaru ba, yadda jiki ke sarrafa sukari ma yana nan yadda yake. A 2011 masu bincike a Jami'ar Colorado suka bi wasu matan da aka yi wa irin wannan aiki, suka tarar bayan shekara guda kitsen ya dawo, sai dai bai koma cinyoyin da aka kwashe shi ba, ya fi taruwa a ciki.

Ga kuma haɗarin aikin kansa. 'Yan Najeriya ba su manta da Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, wadda ta rasu a Oktoban 2005 bayan an yi mata tiyatar zuƙe kitse a wani asibitin gyaran jiki a Sifaniya, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. Daga baya kotun ƙasar ta samu likitan da laifin sakaci. Idan matar shugaban ƙasa, da kuɗinta da gatanta, a Turai, ba ta tsira ba, ina ga wadda za a kwantar a wani ɗaki da aka mayar asibiti a bayan layi? Hatta hanyar da ake cewa babu yanka babu ɗinki tana da nata. Fitacciyar mai tallar kayan ƙawa Linda Evangelista ta fito a 2021 ta ce na'urar daskarar da kitse mai suna CoolSculpting ta sa kitsenta ya kumbura ya yi tauri maimakon ya narke, matsalar da likitoci suka san da ita ko da yake ba ta cika faruwa ba. Ta kai ƙara tana neman dala miliyan 50, aka sasanta a 2022.

Ban ce duk wadda ta nemi tiyata ta yi wauta ba. Akwai macen da ta haihu takwas, fatar cikinta ta saki ta rufto, ƙarƙashinta kullum cikin gumi da ƙuraje, ko tsokar cikin ta rabe, ko cibiya ta ɓullo. Irin wannan motsa jiki ba zai ɗinke mata ba, kuma aikin likita zai iya sauƙaƙa mata rayuwa. Hukuncin addini a kan inda magani ya tsaya ado ya fara, wannan na malamai ne. Abin da ya rage mata shi ne ta tabbatar likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, kuma ƙwararre ne a wannan fanni, akwai likitan sa barci na gaske, akwai ɗakin kulawa ta musamman idan abu ya rikice. Ta kuma san cewa haɗarin daskarewar jini a jijiya bayan tiyata yana ƙaruwa da shekaru da ƙiba.

Amma mu faɗi gaskiya, yawancin matanmu ba su da kuɗin Turkiyya. Kasuwar da ke cin su ita ce ta shayin rage tumbi da ɗamarar matse ciki. Shayin nan sau da yawa maganin gudawa ne irin su filasko, ruwan jiki yake kwashewa, ki sha ruwa ya dawo. Mafi muni su ne ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake sayar wa wadda ke son mazaunanta su ciko. Wasunsu na ɗauke da dexamethasone, wani maganin kumburi mai ƙarfi wanda ke tara kitse a ciki da fuska, ya ɗaga sukari, ya raunana ƙashi, a daidai lokacin da ƙashin mace ya riga ya fara rauni saboda rashin istirojin.

Me ke tura su? Sau da yawa magana ɗaya ce daga maigida: "Hajiya, wai wannan tumbin fa?" Shi kuwa nasa ya riga shi shiga ɗaki, babbar riga ta rufa masa asiri, ana ma ce masa alamar hutu ce. Matar da ta ji haka, ga fargabar kishiya, ba za ta tsaya tambayar me ke cikin kwalba ba. Da Alhaji zai kai ta a auna mata jini da sukari, shi ma ya miƙa hannunsa a auna, da ya fi wannan ba'ar amfani.

Awon farko ma ba ya bukatar asibiti. Tef ɗin tela ya isa. A zagaya shi a ciki wajen cibiya, ba tare da an shanye numfashi ba. Ga mace, abin da ya haura santimita 80 gargaɗi ne, wanda ya haura 88, wato kusan inci 35, haɗarin ya yi yawa. Abin daɗin shi ne wannan kitse na ciki yana saurin jin motsa jiki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 a mako na abu kamar tafiya da sauri, da kwana biyu na aikin da ke ƙarfafa tsoka. Kakanninmu daka da surfe da jan guga sun ɗauke musu wannan, mu kuwa inji da 'yan aiki sun karɓe. Wadda ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida bayan asuba, ta tashi ta zauna a kujera sau da dama, ta ɗaga galan na ruwa. Ta rage lemon kwalba da sukarin shayi da na kunu, ta ƙara wake da kifi da ƙwai da zogale, domin tsokar da ke zubewa tana bukatar abin gina ta.

Kuma ba kowane cikin da ya turo ne kitse ba. Idan ya kumbura cikin 'yan makonni, ko mace tana ƙoshi da loma kaɗan, ko tana ramewa ciki na girma, ko ta ga jini bayan al'ada ta yi shekara da ɗaukewa, to likitan mata za ta gani a yi mata hoton ciki, domin kansar mahaifa da ta jakar ƙwai sukan fara da irin waɗannan alamu.