A daina ɗora wa iska laifi

Don Allah a daina ce mana "iska ce, ikon Allah ne" duk sanda falwayoyin wutar lantarki suka faɗi. Mun sani ikon Allah ne. To garar da ta cinye gindin falwayoyin nan shekara da shekaru fa, ita ma iskar ce ta turo ta? Kowa ya ga hotunan ƙauyukan hanyar Soba: katakon ya ruɓe har ka iya tura yatsa ciki, waya kwance a gonar mutane, yara na tsallake ta za su makaranta.

Iskar farkon damina ba baƙuwa ba ce a Zazzau, duk shekara sai ta zo. Tambayar guda ce: daga ranar da falwaya ta faɗi zuwa ranar da wuta ta dawo, kwana nawa? Wa ke ƙirgawa? A GRA kafin la'asar an ɗaga, madalla da wannan himma. A ƙauye kuwa sai mai unguwa ya bi gida gida ana karo-karon kuɗin sabon turke, mai injin markaɗe ya koma sayen fetur, mai ƙanƙara ya rufe shago. An iya lissafa awa 20 ta wuta a rana ta 'yan Band A, masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, tun 2024, amma kwanakin duhun ƙauye babu mai rubutawa.

Wani zai ce ai har Amurka guguwa na kashe wuta. Na ji. Guguwar Mariya ta 2017 ta bar wasu ƙauyukan kan tudu a Fato Riko, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, cikin duhu kusan wata 11, kuma mun san haka ne saboda an ƙirga. A Fulorida, bayan guguwowin 2004 da 2005, hukuma ta wajabta wa kamfanoni duba kowace falwayar katako cikin shekara 8. Mu da tamu iskar ba ta kai rabin tasu ba, yaushe rabon da wani ya zo ya ƙwanƙwasa gindin turke ɗaya?

Masu cewa babu kuɗi, littafi da biro nawa ne? A rubuta kwanakin, a manna a ƙofar ofis, mu ga na gari mu ga na ƙauye. Wallahi abin na ci min rai, akwai asibitocin karkara da ake karɓar haihuwa da tocilan.

Ku kuma masu bin dare kuna yanke wayar da ta faɗi kuna kai wa 'yan gwangwan, Allah ya isa. Kai da ke saye ma ka san ba a bola aka tsinto ta ba.